Yadda Ɗalibin Adabi, Tarihi ko Falsafa Zai Shawo Kan Tarin Karatun Jami'a

Tambayar da ɗaliban adabi, tarihi, falsafa da harsuna suka fi yi mini kusan guda ce, sai dai kowa da yadda yake tsara ta. Wannan malami ya ba da babi uku, wancan ya ba da maƙala biyu, na uku kuma ya ce a gama ƙagaggen labari mai ɗaruruwan shafuka kafin mako mai zuwa, to ta ina mutum zai fara, kuma yaushe zai runtsa? Wata ɗaliba ta ce takan shafe awa huɗu a ɗakin karatu, ta tashi da shafi ashirin da ta rine da alƙalamin haskaka rubutu, amma washegari idan malami ya tambayi abin da marubucin yake ƙoƙarin tabbatarwa, sai ta rasa ta cewa.

Amsata ga kowa ita ce, jerin karatun da ake bayarwa a waɗannan fannoni ba a tsara shi don a ba kowane shafi nauyi iri ɗaya ba, don haka dole ne ɗalibi ya yanke shawarar abin da yake nema a kowane rubutu tun kafin ya buɗe shi. Kayan aikin ba su da yawa: takardar tsarin kowane kwas wadda malami ya raba a farkon zango, littafin rubutu guda mai kauri ko fayil guda a kwamfuta, fensir, agogo, da katin shiga ɗakin karatu. Ga matakan bi da bi.

Mataki na 1: Auna kayan kafin ka ɗauka

A ƙarshen mako ka ɗauko takardun tsarin kwasa-kwasanka duka, ka rubuta a shafi guda abin da aka ce a karanta a mako mai zuwa, da adadin shafukan kowanne, da ranar da za a tattauna shi a aji. Yawancin ɗalibai ba sa yin wannan lissafi, shi ya sa karatun yake zame musu dodo marar siffa, suna jin nauyinsa a ƙirji amma ba su san girmansa ba.

Daga nan sai ka auna saurin karatunka na gaskiya. Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent da ke Beljiyam ya tattara sakamakon bincike 190 a shekarar 2019, inda ya gano cewa baligi mai karanta Ingilishi a zuci yana cin kimanin kalmomi 238 a minti ɗaya idan rubutun ba ƙagagge ba ne, da kimanin 260 idan ƙagaggen labari ne. Wannan matsakaicin lissafi ne, kuma wanda yake karatu da harshen da ba da shi ya tashi ba yakan yi ƙasa da haka, balle idan rubutun na falsafa ne da ake tsayawa a kan kowace jimla. Saboda haka naka lissafin za ka fitar: ka saita agogo a minti 20, ka karanta yadda ka saba, ka ƙirga shafukan, ka ninka sau uku. Ka maimaita wannan ga kowane irin rubutu daban, domin saurinka a labari ba shi ne saurinka a maƙala ba.

A misali, a ce a mako guda an ba ka shafi 150 na labari, 60 na tarihi, 25 na falsafa, da maƙala biyu masu shafi 50 a haɗe. Idan kana cin shafi 30 na labari a awa, 15 na tarihi, 5 na falsafa da 10 na maƙala, to aikin zai ci awa 19. In kuwa abin da ya rage maka bayan lacca da sauran hidimomi awa 12 ne, akwai giɓin awa 7, kuma wannan giɓin shi ne ainihin matsalar da sauran matakan za su warware.

Gargaɗi: a wannan gaɓa ne ɗalibai da dama suke faɗawa hannun masu tallar darasin karatu cikin sauri, waɗanda suke alƙawarin ninka saurin mutum sau uku ko huɗu. Keith Rayner da abokan aikinsa sun yi bitar binciken da aka yi kan lamarin a shekarar 2016, kuma abin da suka tabbatar shi ne, idan sauri ya ƙaru sosai fahimta takan ragu. Kada ka kashe kuɗinka a kan wannan.

Mataki na 2: Raba karatun gida uku

Wannan mataki shi ne ginshiƙin komai, kuma shi ne ɗalibai masu himma suka fi jin nauyin yi, domin suna ganin kamar ha'inci ne a ƙi karanta wani abu daga bango zuwa bango. Ba ha'inci ba ne, malaman da suka tsara jerin ma haka suke karatu.

Kashi na farko shi ne matanin asali, wato rubutun da shi kansa ne abin nazari: waƙar da za a feɗe a aji, wasan kwaikwayon, babin da masanin falsafar ya rubuta da hannunsa, ko wasiƙa da yarjejeniyar da masu tarihi suke kafa hujja da su. A wannan kashi kuma za ka saka duk abin da za ka rubuta jinga a kansa ko za ka gabatar a gaban aji. Waɗannan ana karanta su gaba ɗaya cikin tsanaki, kuma su za su ci kusan kashi biyu cikin uku na lokacinka.

Kashi na biyu shi ne sharhi, wato abin da wasu masana suka rubuta a kan matanin ko a kan zamanin da ake nazari. Abin da ake nema a nan shi ne matsayin marubucin da manyan dalilansa, don haka ana karanta wasu sassa a tsanake, a ratsa wasu da sauri. Kashi na uku shi ne ƙarin karatu, wanda leƙa shi kawai za ka yi na minti goma, ka san abin da yake ciki don ranar da buƙatarsa za ta taso.

Akwai alamomin da za su nuna maka gurbin kowane rubutu. Ka duba yadda takardar tsarin kwas ta bambanta karatun dole da na ƙari. Ka lura da sunan da malami ya yi ta maimaitawa a lacca, ka kuma nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya idan sashenku ko ɗakin karatu yana ajiye su. In duk da haka ba ka gane ba, ka tambayi malamin kai tsaye, sai dai yadda ake tambayar yana da muhimmanci. Wanda ya ce, "Malam, wanne ne ba sai mun karanta ba?" ya riga ya san irin kallon da za a yi masa. Wanda ya ce, "Malama, cikin waɗannan ukun, wanne ne tattaunawar ranar Talata za ta fi dogara a kansa, domin in fara da shi?" yawanci yakan sami amsa, har ma da ƙarin bayanin shafukan da suka fi muhimmanci.

Gargaɗi: kada wahalar rubutu ta sa ka tura shi kashi na uku. Sau da yawa shafuka 25 ɗin nan masu tsauri su ne zuciyar kwas ɗin, kuma zuciya takan yi wa mutum wayo, ta nuna masa cewa abin da ya fi sauƙi shi ne ya fi gaggawa. Haka nan kada ka maye gurbin matani da sharhinsa. Malamin da ya shekara da shekaru yana koyar da littafi yakan gane ɗalibin da ya karanta taƙaitawa tun daga jimlarsa ta biyu, domin irin wannan ɗalibi yana da ra'ayi amma ba shi da shafi ko ɗaya da zai nuna.

Mataki na 3: Leƙa kafin ka shiga

Kafin ka fara maƙala daga layin farko, ka ba ta minti 10 zuwa 15 na leƙe. Ka karanta take da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙalar, sannan gabatarwa gaba ɗaya, sai kanun sassa, sai ka tsallaka zuwa kammalawa. Abin da kake farauta shi ne jimla ɗaya ko biyu inda marubucin ya faɗi matsayinsa ƙarara, kuma galibi tana kusa da ƙarshen gabatarwa, bayan ya gama jero abin da magabata suka ce. Idan ka same ta, ka ja mata layi, ka rubuta ta da kalmominka a saman shafin littafin rubutunka. Bayan haka ka bi jimlar farko ta kowane sakin layi, domin marubutan ilimi da yawa a nan suke ajiye batun sakin layin, sauran kuma misalai ne da hujjoji.

Idan littafi ne, ka fara da shekarar da aka buga shi, domin littafin tarihi da aka rubuta shekara hamsin da suka wuce yana muhawara ne da mutanen zamaninsa. Ka duba ƙunshiya, ka karanta gabatarwa, musamman shafukanta na ƙarshe inda marubuta da yawa suke taƙaita kowane babi a sakin layi guda. Ka buɗe fihirisar da ke ƙarshen littafin ka ga sunaye da batutuwan da suka fi yawan shafuka. Wata dabara da ɗalibai ba su cika sani ba ita ce neman bitar littafin a mujallun ilimi, inda wani masani yakan bayyana a shafi biyu ko uku abin da littafin ya ƙunsa da inda ya gaza. Bitar ba za ta tsaya a madadin babin da aka ba ka ba, amma za ta ba ka taswirar da za ka shiga da ita.

Ka rufe leƙen da rubuta tambayoyi biyu ko uku da kake son rubutun ya amsa. Wanda ya shiga babi da tambaya a hannu ya san inda zai rage gudu da inda zai wuce.

Gargaɗi: wannan mataki na rubutun ilimi ne kawai. Ba a yi wa ƙagaggen labari ko waƙa ko wasan kwaikwayo haka, domin yadda aka jera abubuwa a cikinsu yana cikin abin da ake nazari.

Mataki na 4: Karatun tsanaki, kowane fanni da irin nasa

A falsafa ana karatu sau biyu. Karon farko ka bi rubutun har ƙarshe ba tare da tsayawa kokawa da kowace jimla ba, kana ɗiga alamar tambaya a gefen abin da ya shige maka duhu, domin sau da yawa abin da ya rikita ka a shafi na 3 marubucin zai warware shi a shafi na 7. Karo na biyu ne za ka warware hujjar gaɓa-gaɓa: mene ne da'awarsa, waɗanne dalilai ya jingina ta da su, wace suka ya hango, kuma yaya ya amsa ta. Ka sa ido a kan ƙananan kalmomi irin su "saboda haka" da "sai dai" da "amma za a iya cewa", domin su ne suke nuna inda hujja ta juya. Ka kuma kula da kalmar yau da kullum da marubucin ya ba ta ma'ana ta musamman, ka rubuta ma'anar a gefe, in ba haka ba za ku yi ta magana kowa da inda ya dosa.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar ra'ayin da marubuci ya kawo don ya rushe shi a matsayin ra'ayinsa. Thomas Aquinas, malamin ƙarni na 13, yakan buɗe kowace mas'ala da jero hujjojin da suka saɓa wa matsayinsa kafin ya faɗi nasa. Imam al-Gazali kuwa littafi sukutum ya rubuta yana bayyana ra'ayoyin masana falsafa, sannan ya rubuta wani daban yana yi musu raddi. Ɗalibin da ya buɗe tsakiyar irin waɗannan rubuce-rubuce cikin gaggawa ya kwafo jimla, zai iya jingina wa marubucin akasin abin da ya ce.

A tarihi jarabar ita ce ƙoƙarin haddace kowace shekara da kowane suna. Ka ware shafi guda ka ja dogon layi, ka jera a kansa abubuwa shida zuwa takwas da babin ya ginu a kansu, ka bar sauran. Idan ana maganar wuraren da ba ka sani ba, ka ajiye taswira a gefe, domin minti biyu na kallon taswira yakan warware abin da shafi uku suka kasa. Idan matanin asali ne, tambayoyin farko su ne: wa ya rubuta, yaushe, don wa, kuma me yake son a gaskata. A wannan fanni bai kamata a tsallake bayanan ƙasan shafi gaba ɗaya ba, domin a nan ake ganin ko marubucin ya dogara ne da takardun asali ko da maganar wani.

A adabi ka karanta labari a dogon zama, ba shafi biyar yau biyar gobe ba, domin zaren labarin yakan tsinke. Ka sa ƙaramar takarda a cikin littafin ka riƙa rubuta sunayen taurari da dangantakarsu, kuma a ƙarshen kowane babi ka rubuta layi guda na abin da ya faru. Ka zaɓi wurare biyar ko shida kacal a duk littafin inda salo ko jigo ya fito fili, ka yi musu alama, domin a kansu za ka gina jinga ko amsar jarrabawa. Waƙa kuma a karanta ta da murya aƙalla sau ɗaya, domin kari da amsa-amo kunne ne yake kama su.

Alamomin fensir kada su wuce uku: layi a ƙarƙashin babbar da'awa, alamar tambaya ga abin da ba ka gane ba ko ba ka yarda da shi ba, da tauraro ga abin da za ka iya ɗaukowa a jinga. Idan littafin na ɗakin karatu ne, a takarda za ka yi alamar tare da lambar shafi.

Gargaɗi: John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu guda 10 a shekarar 2013, kuma haskaka rubutu da maimaita karantawa suna cikin waɗanda suka samu ƙaramin matsayi, yayin da yi wa kai jarrabawa da rarraba bita a kan kwanaki suka zo a sama. Shafin da aka rine rabinsa da launi yana sa mutum jin ya yi aiki, alhali hannu ne ya yi aikin.

Mataki na 5: Rufe littafin ka rubuta

Da zarar ka gama babi ko maƙala, ka rufe ta, ka rubuta layi biyar daga ƙwaƙwalwarka: matsayin marubucin, dalilansa biyu ko uku mafi ƙarfi, misali guda da ya yi amfani da shi, abin da kake shakka a kai, da yadda wannan ya haɗu ko ya yi karo da wani abu da kuka karanta a kwas ɗin. Sai bayan ka gama za ka buɗe ka gyara abin da ka kuskure, ka ƙara lambobin shafi. Aikin minti 10 ne, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa idan lokaci ya ƙure, alhali shi ne bai kamata a taɓa ba.

Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada wannan a shekarar 2006. Ɗaliban da suka maimaita karanta rubutu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su rubuta abin da suka tuna su ne suka yi fice. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa maimaita karatu yake yaudarar mutum: a lokacin da kake yi komai yana kama da abin da ka sani.

Za ka ji ɗaci a karon farko idan ka rufe littafi ka tarar layi biyu kawai za ka iya rubutawa. Wannan ɗacin yana da amfani, domin ya nuna maka inda ramin yake tun kana da damar cike shi. Waɗannan layuka biyar su ne za ka duba minti 10 kafin shiga aji, ka sake bin su a ƙarshen mako, kuma idan jarrabawa ta ƙarato shafi talatin na hannunka za ka bita maimakon shafi dubu na wasu.

Mataki na 6: Adana madogara tun daga ranar farko

Duk jimlar da ka kwafo kalma da kalma, ka sa ta cikin alamar zance nan take, ka rubuta sunan marubuci da shekara da lambar shafi. Na taɓa kwafo wata jimla mai kyau a gefen takarda ba tare da shafi ba, da niyyar zan dawo, sai ga shi ana saura kwana uku a miƙa jinga na ɓata yini biyu ina juya littattafai huɗu ina nemanta, daga ƙarshe dole na cire ta tare da sakin layin da na gina a kanta. Wanda ya haɗa kalmominsa da na marubuci a wuri guda ba tare da alama ba kuma yana iya faɗawa laifin satar fasaha ba da niyya ba, kuma jami'o'i ba sa ɗaukar wannan da wasa.

Manhajar Zotero kyauta ce, tana adana bayanan littattafai da maƙalu, tana kuma tsara manazarta bisa salon da sashenku yake so, kuma tana ba da megabait 300 na ajiya a intanet ba tare da biya ba. Ko ba ka yi amfani da ita ba, ka riƙa sa wa kowane fayil suna da sunan marubuci da shekara, domin wahala ce neman maƙala cikin fayil arba'in masu sunan lambobi.

Game da kashe kuɗi, kada ka sayi littafi kafin ka duba ɗakin karatu da rumbunan intanet da jami'arku take biya wa ɗalibanta. JSTOR, wani rumbun maƙalun ilimi a intanet, yana barin mai rajistar kyauta ya karanta wasu maƙalu kowane wata a kan allo. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare ana samun su kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, wasunsu kuma da murya a shafin LibriVox. Abin da ya cancanci a saya ko a buga a takarda shi ne na kashi na farko, domin binciken da Pablo Delgado da abokan aikinsa suka tattara a 2018 ya nuna cewa fahimtar rubutun bayani ta fi kyau a takarda fiye da allo, musamman idan lokaci ya matse. Kashi na biyu da na uku allo ya ishe su.

Gargaɗi: manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya taƙaita rubutu cikin daƙiƙa, amma suna iya ƙago zance da lambar shafi har da sunan littafin da bai taɓa wanzuwa ba. Duk abin da ba ka gani da idonka a cikin matanin ba, kada ya shiga jingarka, kuma ka san dokar jami'arku kan amfani da su.

Mataki na 7: Ba kowane karatu lokacin da ya dace da shi

Ka san sa'o'in da kanka ya fi sarari, ko da sassafe ne ko da dare, ka ba su ga kashi na farko. Ƙananan giɓin da ke tsakanin lacca da lacca sun dace da leƙen maƙala ko ci gaba da labari. Dabarar nan ta minti 25 na aiki da minti 5 na hutu tana da kyau ga karatu mai sauƙi, amma ni ban ga amfaninta a falsafa ba, domin agogon yakan buga ne daidai lokacin da hujjar ta fara buɗe maka. A nan gara minti 50 a jere. A jadawalin ka rubuta shafukan da za ka gama, kamar "tarihi, shafi 40 zuwa 62", maimakon "karatun tarihi" kawai, ka kuma bar rabin yini guda a mako babu komai a cikinsa don abin da ya zarce lissafi. Waya ta kasance cikin jaka, idan kuma a kanta kake karatu ka kashe data. Idan a allo kake, duk bayan minti 20 ka ɗaga ido ka kalli wani abu mai nisa na ɗan lokaci.

Gargaɗi: kada ka biya bashin karatu da barci. Shafukan da aka karanta ƙarfe uku na dare da ido rabi a rufe sai an sake karanta su, ga kuma laccar safe da za ta wuce ka, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Mataki na 8: Ƙungiyar karatu

Mutum uku ko huɗu sun isa. Ku raba kashi na biyu da na uku a tsakaninku, kowa ya zo da layukansa biyar a rubuce ya yi wa sauran bayani cikin minti biyar, su kuma su yi masa tambayoyi. Kashi na farko ba a raba shi, kowa sai ya karanta da kansa. Wanda ya zo hannu rabbana sau biyu a jere, a gaya masa gaskiya cikin mutunci.

Mataki na 9: Idan aikin ya riga ya taru

Idan ka waiwaya ka ga kana bin bashin mako uku, kada ka koma mako na farko da niyyar bin su a jere, domin kafin ka iso aji ya ƙara yin gaba. Ka kama karatun wannan makon tukuna, ka shiga aji da abin cewa. Bashin baya ka jera shi a takarda, ka soke duk na kashi na uku, ka yi wa na kashi na biyu leƙen mataki na 3 tare da layuka biyar, sannan ka raba na kashi na farko a kan rabin yinin da ka bari a kowane mako.

Idan saura rabin awa a shiga aji kuma ba ka buɗe maƙalar ba, ka ba gabatarwa da kammalawa minti 15, ka zaɓi sashe guda ka karanta shi sosai a minti 10, ka yi amfani da sauran wajen rubuta tambaya guda ta gaskiya. A cikin aji ka tsaya a kan abin da ka karanta, kada ka yi shaci-faɗi a kan sauran.

Idan rashin lafiya ko wata lalurar gida ce ta tsayar da kai, ka je wurin malamin kafin ranar miƙa aiki, ka faɗi abin da ya faru a gajarce, ka kuma zo da ranar da kake ganin za ka iya kammalawa. Idan kuma ka bi duk waɗannan matakai na tsawon makonni amma layuka suna yi maka rawa, ko kai yana ciwo bayan shafi kaɗan, ko kana shafe awa a kan abin da abokanka suke gamawa a minti 20, ka fara da gwajin ido, sannan ka nemi ofishin da ke kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman, wanda jami'o'i da yawa suke da shi. A can ake auna matsalolin karatu irin su rikicewar haruffa, kuma ana iya ba ɗalibi ƙarin lokaci a jarrabawa ko littattafan da manhaja za ta karanta masa da murya.